Labo Mai Shiga Tsakani

Sati na biyu da kama aiki a gidan likita na Badaguishiri na fara ɗinke Labo. Shekarar 1985 ce, ina saurayi, ban daɗe da fitowa daga lakwal ba, wato makarantar koyon jinya, kuma ban san kowa a garin ba, don ni mutumin Damagaram ne. Ranar kasuwa ce, wajen azahar. Ina wanke kayan aiki sai na ji amalanke ta tsaya a ƙofa, wani ya rangaɗa sallama kamar wanda ya zo barkar suna.

Na leƙa. Wani mutum ne gajere, kakkaura, zai yi shekara arba'in da biyar, yana ɗaure jakinsa a gindin darbejiya da hannu ɗaya. Ɗaya hannun ya naɗe shi da rawani, rawanin ya rine ja. Sai da ya gama ɗaurin, ya zuba wa jakin harawa, sannan ya shigo.

Ya ce, “Kai na sabon likita? Barka da zuwa, ya baƙunta? Ɗan aiki na kawo maka.”

Da na warware rawanin sai da na ja numfashi. Yanka ne daga kusa da gwiwar hannu har wuyan hannu. Na tambaye shi me ya same shi. Ya ce mahauta biyu ne suka kaure a rumfar nama, ɗaya ya zaro wuƙa, shi kuma yana wucewa da lodin albasa.

Na ce, “To kai me ya haɗa ka da su, Baba?”

“Babu komi. Na dai ishe su suna yi.”

Na ɗauko allurar kashe zafi. Yana ganinta ya miƙe tsaye, ya ja baya har ya bugi bango. Mutumin da ya tuƙo amalanke daga kasuwa da hannu a tsage, ga shi yana rawar jiki saboda allura. Na ce masa ai ɗinkin ma da allura ake yi. Ya ce waccan daban, waccan tana shiga ta fita, amma wannan zuba wa mutum abu take yi ta bar shi da shi. Haka na ɗinke shi ba maganin zafi, ɗinki goma sha ɗaya, yana kallon rufi yana ba ni labarin yadda ake shukar albasa a fadama.

Kafin in gama naɗe hannun sai ga jandarma, cikin waɗanda ke zuwa daga Illela ran kasuwa. Ya ciro takarda ya tambayi Labo wane ne ya yanke shi.

Labo ya ce, “Ranka shi daɗe, ban gani ba. Rana ta shigam mini ido.”

Jandarman ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya dube ni ya ce, “Sabo ne kai ko? Za ka saba da shi. Wannan kullum rana na shigar masa ido.”

Na kuwa saba. Mai aikinmu yakan gane da wuri cewa masu zuwa da raunin duka ba kowa da kowa ba ne. Fuskoki ne 'yan kaɗan ke ta dawowa: matasan tasha da ba su iya gardama da baki kawai, wani mai shaye-shaye da kowa ke hucewa a kansa, da wasu mata da kullum ƙofa ce ta buge su. Amma duk cikinsu Labo ne kaɗai ba a taɓa yin faɗan da shi ba. Garka gare shi a fadama, yana noma albasa da tumatir da rani, gero da wake da damina, ran kasuwa kuma ya yi dako da amalanke. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ne dai ba ya iyawa: ya ga mutum biyu sun ɗaga wa juna hannu ya wuce. Ba ya tsayawa tambayar wa ke da gaskiya. Sai ya jefar da abin da ke hannunsa, ya sunkuyar da kai kamar rago, ya kutsa tsakani. Sandar da aka ɗaga domin wani sai ta sauka a kansa.

Cikin shekara huɗu na ɗinke masa goshi sau biyu, na gyara masa yatsa da ya goce, na ɗaure masa haƙarƙari bayan wani rikici da aka yi a bakin rijiya tsakanin masu garka da makiyaya. A wancan karon ɓangarorin biyu duka sun same shi, kuma duka biyun suka rako shi gidan likita, suna ta ba juna laifi a ƙofa har sai da ya ɗaga kai daga kan gado ya ce in ba su bari ba zai taso. Suka yi tsit. Har cizo na taɓa wanke masa a kafaɗa, na wata tsohuwa da ke faɗa da maƙwabciyarta a kan kaza.

Matarsa Tsahara ita ke biyo shi da ƙwaryar fura. Doguwa ce, siririya, ta fi shi tsayi da kusan taƙi guda, bakinta kuma ba ya ajiye magana. Tun daga ƙofa ake jin ta.

“Ina shi ke? Bai mutu ba ko? To madalla, bari in ƙarasa shi da kaina.”

Sai ta zauna a gefen gado, ta dama furar, ta tallabe masa kai tana ba shi da ludayi tana faɗa. Wai ita Allah ya haɗa ta da mijin gari. Wai rigunansa duka sun ƙare a wanki da toka saboda jini. Shi kuma ya yi ta kurɓa yana cewa, “Gaskiyarki, 'yar malam. Wanga shi na na ƙarshe.” Ita da ni duk mun san ba na ƙarshe ba ne.

Wata rana ta tare ni a bayan ɗaki, ta rage murya ta ce, “Likita, don Allah ka tsorata mini shi. Ka ce mai in anka ƙara bugun kan nan mutuwa za ya yi. Kai yana jin maganarka.”

Ba sai na yi ƙarya ba, don gaskiyar ke nan. Na zaunar da shi, na ɗauko hoton ƙoƙon kai da ke cikin littafina, na nuna masa inda ƙashi ba shi da kauri. Na ce, “Baba Labo, kai ba turmi ba ne. Kana da 'ya'ya biyar. In ka ga ana faɗa, ka yi kururuwa, ka kira mutane, amma ka tsaya nesa.” Ya daɗe yana kallon hoton. Ya tambaye ni ko kan kowa haka yake a ciki, har na sarki. Na ce har na sarki. Ya yi alkawari.

Ya riƙe alkawarin kasuwa uku. An ba ni labarin yadda ya yi: wasu 'yan dako suka kaure, Labo ya rungume wuyan jakinsa da hannu biyu don kada ƙafafunsa su kai shi, yana ta ihu, “Ku bari! Ku ji tsoron Allah! Likita ya hana ni!” Mutane suka fashe da dariya, har masu faɗan suka saki juna. A kasuwa ta huɗu ya zo mini da leɓe a fashe, yana sunne kai kamar yaron da ya yi fitsarin kwance.

Ranar na yi fushi sosai. Na ce masa yana raina aikina, ni ina ɗinkewa shi yana kai wa a farke. Da zai fita ya ce in na samu sarari in zo garka in ɗebi tumatir.

Na je ran Lahadi da hantsi. Ban same shi ba, ya tafi ban ruwa a ɗaya gefen. Wanda na samu a ƙarƙashin mangwaro shi ne Dogo, yayan Tsahara, mai tufkar igiya. Kullum in ka ga Labo a zaune, to Dogo na kusa. Ido ɗaya gare shi, ɗayan ya shafe. Ban taɓa tambaya ba, na ɗauka ciwon yara ne ya ci shi. Muna cikin hira na yi masa ƙorafin surukinsa. Dogo ya ci gaba da murza kabarsa a cinya, sannan ya nuna idon da ya mutu.

Ya ce, “Ka san wa yac cire wanga? Shi na.”

Ya mayar da hannu kan kabarsa ya ci gaba.

“Muna samari, ni da shi, ba mu hi shekara ashirin ba. Akuyarmu ta shiga gonarsu. Magana kaɗan ta, amma lokacin nan Labo wuta na, ba a taɓa shi. Munka kama hwaɗa bakin hanya. Mutane sun hi talatin, sunka yi muna zobe suna kallo, wasu na kirari. Ba wanda yac ce a bari. Yaɗ ɗauki sanda, ni ban ga zuwanta ba.”

Ya ce ya yi wata biyu kwance. Iyaye suka sasanta, aka wuce wurin. Amma Labo bai wuce ba. Damina uku a jere yana gama gonarsu ya zo ya nome ta gidan su Dogo, ba ya yi wa kowa magana, ba ya shan ko ruwan gidan. A damina ta uku Dogo ya fita ya same shi a kan kunyar gona, ya miƙa masa butar ruwa ya ce in bai sha ba shi ma bai yafe ba. Labo ya sha, ya zauna a ƙasa ya yi kuka. Abin da ya faɗa ranar, in ji Dogo, shi ne da mutum guda cikin talatin ɗin nan ya shiga tsakani, da sandar ba ta kai ba.

Na ce, “Kuma kuka ba shi ƙanwarka?”

Dogo ya yi dariya. “Wa ka ba Tsahara miji? Ita tac ce shi taka so. Wai ta ga namijin da ya san kunya.”

Daga ranar ban ƙara yi wa Labo faɗa ba. In ya zo, in wanke, in ɗinke, in ce Allah ya kiyaye gaba, ya ce amin da zuciya ɗaya.

A cikin 1989 ne Saude ta fara zuwa. Maƙwabciyar su Labo ce, zana ɗaya ta raba gidajensu. 'Yar Bazaga ce, aure ya kawo ta, tana da yara biyu ƙanana. Mijinta Alkasum mai gyaran keke ne a bakin hanya, mutum mai fara'a a waje, in ka kai masa faci sai ya ba ka kujera. Zuwanta na farko leɓenta ne ya tsage, ta ce ta faɗi a bakin rijiya. Na biyu yatsu biyu ne suka kumbura, ta ce taɓarya ce ta kuɓuce mata. Na uku ido ne ya rufe, ta ce ƙofa. Na ce mata, “Saude, gidanku ƙofar zana ce.” Ta sunkuyar da kai ta ce, “To itace na, likita.” Na gaya mata in tana so zan rubuta mata takardar da za ta kai wa jandarma. Ta ce a rufa mata asiri.

Labo ne ke kawo ta a amalanke, Tsahara na riƙe da ita. Sau da yawa shi ma da nasa rabon, don da ya ji kuka sai ya haura zanar. Sai su zauna a benci ɗaya suna jiran layi, ita da ƙyalle a fuska, shi da ƙyalle a kai. Yakan yi ta ba ta dariya don ta saki jiki. Na taɓa ji yana ce mata, “Ɗiyata, ni da ke mun zama 'yan gida a nan. In likita ya tashi rabon gado sai an ba mu bencin ga.” Ta yi dariya tana riƙe da haƙarƙari.

Ba a zaune ya bar abin ba. Ya yi wa Alkasum magana shi kaɗai, ya kai shi gaban liman, ya kai shi gaban maigari. Kowane karo Alkasum ya yi rantsuwa, ya zubar da hawaye, a yi wata biyu lafiya. Sau ɗaya Saude ta yi yaji ta tafi Bazaga, aka je biko aka dawo da ita. Abin da na sani daga baya shi ne har da Labo a cikin masu bikon, don Alkasum ya roƙe shi, shi kuma ya yarda mutum na iya canzawa, tunda shi ya canza. Duk lokacin da jandarma ya tambayi Labo wa ya fasa masa kai, amsar ba ta sauya ba: bai gani ba.

Ran wata Talata cikin kaka ta 1992, da hantsi, na ji amalanke ta shigo da gudu har cikin farfajiya. Tsahara ce ke tuƙi, ba kallabi a kanta, kuma ba ta faɗa. Shirun nan nata ne ya fara tsorata ni. Labo na kwance a baya, Saude ta ɗora kansa a cinyarta, zaninta ya jiƙe. Hannunsa na dama ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Na kira sunansa, bai amsa ba. Na buɗe idanunsa na haska, ɗaya ya fi ɗaya buɗewa.

Saude ce ta gaya mini, tana magana kamar mai karanta wasiƙa. Alkasum ya ɗauko ƙotar gatari. Ita tana durƙushe a bakin murhu. Labo ya faɗo ta kan zana ya kwanta a kanta. Bugu na farko ya tare da hannu, na biyu ya same shi a kai. Da Alkasum ya ga ya daina motsi sai ya yar da ƙotar ya fita.

Wannan ya fi ƙarfina. Na tsayar da jinin, na ɗaure hannun da katako, na sa masa ruwa. Allurar da ya yi shekara bakwai yana gudu, ranar na yi masa ita bai sani ba. Muka samu mota muka ɗauke shi zuwa babban asibiti na Tawa, ni ina riƙe da kwalbar ruwa, Tsahara na riƙe da ƙafarsa. Mun yi nisa kafin ta yi magana. Ba da ni take ba. Ta ce, “Labo, in ka mutu a kan hanyar ga ban yahe maka ba. Ka ji ni dai.”

Ya farfaɗo a kwana na uku. Ya yi kwana goma sha tara a can. Da aka sallamo shi ya rame, an aske rabin kansa, hannun yana cikin filasta, maganarsa ta yi sanyi. Aka ce ya riƙa zuwa wurina wankin ciwo duk bayan kwana biyu.

A zuwansa na biyu jandarma ya same mu, wancan dai na farko, yanzu ya yi furfura a gefen kai. Alkasum ya gudu ƙauye tun ranar, ya dawo da ya ji Labo bai mutu ba, ya buɗe rumfarsa kamar ba abin da ya faru. Saude kuwa tun ranar tana ɗakin Tsahara da yaranta, ba ta koma ba. Ita ce ta rako Labo, tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da butarsa.

Jandarman ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Malam Labo, gari duka ya san wanda ya yi wannan. Amma kowa ya ce ba ya wurin. In ba wanda ya faɗa da bakinsa na rubuta, hannuna a ɗaure yake. Wa ya buge ka?”

Labo ya dubi ƙasa. Ya ce, “Ranka shi daɗe, abin ya zo da sauri, ni dai ban…”

“Ni na gani.”

Duk muka juya. Saude ce. Ta shigo har tsakiyar ɗaki, ta ajiye butar.

Ta ce, “Alkasum na, mijina. Ni yaz zo kashewa, Baba yat tare. Kuma ba rijiya ta ba, ba taɓarya ba, ba ƙohwa ba. Duk shi na. Likita, takardar da kac ce za ka rubuta mini, tana nan?”

Na ce tana nan. Na zauna na rubuta duk zuwan da ta yi, ɗaya bayan ɗaya, da abin da na gani a jikinta kowane karo. Ya cika shafi biyu. Labo bai ɗaga kai ba har jandarman ya tafi.

Da aka bar mu mu biyu na ci gaba da wanke masa kai. Can ya ce, “Likita.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

“Shekara ukku ina cewa asirinta nika ruhewa. Ashe nashi na nika ruhewa.” Ya ƙara da cewa, “Kuma da ƙahwata nit tahi Bazaga nid dawo da ita.”

Na ce da ba ya nan ranar Talatar da yanzu ana zaman makokinta. Ya ce haka ne, amma da ya faɗi gaskiya tun farko da ba a kai ga Talatar ba.

An kama Alkasum, aka tsare shi a Illela. Alƙali ya raba auren. 'Yan'uwan Saude suka zo suka tafi da ita da yaran. Kafin su tafi Labo ya sa Dogo ya raka shi wurinsu, ya durƙusa gaban yayanta, da hannu a rataye, ya nemi gafarar bikon da ya je. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa don kunya, ya yi ta cewa, “Tashi, Baba, tashi.” Daga baya Saude ta kama sana'ar ƙosai a Bazaga. Duk shekara bayan kaka sai ta aiko wa Tsahara da wake, ni ma a ɗebo mini.

Abin da ya kusa raba Labo da Tsahara shi ne, da ya samu ƙarfin shiga mota, sai ya ce zai je Illela ya duba Alkasum. Ta ce in ya je kada ya dawo mata gida. Ya ce mutumin ba shi da kowa, uwarsa ta tsufa. Ta ce ai shi ma saura kaɗan 'ya'yansa su zama ba su da kowa. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. A na uku ta tashi ta yi tuwo da miyar kuka, ta ɗaure a kwano ta dangwara masa a gaba, ta ce, “Ka ce mai ba don shi niy yi ba.” Ya je. Na tambaye shi me suka ce da juna. Ya ce bai yi masa wa'azi ba, ya dai zauna har ya gama cin tuwon, sannan ya gaya masa in ya fito ya sake ɗaga wa wata mace hannu, shi Labo da bakinsa zai kai sunansa buron jandarma. Alkasum bai dawo garin ba bayan an sake shi. An ce ya tsallaka iyaka.

Hannun Labo bai koma daidai ba. Ba ya iya jan guga, ba ya iya riƙe kalme da kyau balle ya yi noma. Rani na farko, ba tare da kowa ya yi shela ba, mutane suka riƙa zuwa garkarsa suna yi masa ban ruwa. Na ga ɗaya daga cikin mahautan nan da idona yana dashen albasa, yana yi yana ɓata layi, Dogo na zaune yana yi masa tsiya.

Bai daina shiga tsakani ba, amma abin ya sauya. Yanzu in aka ga ya taho, da hannunsa a maƙale a ƙirji da tabon nan a kai, sai sanduna su sauka tun bai iso ba, don ba mai son a ce shi ne ya ƙarasa Labo. Kuma ya koyi wani abu sabo: in an rabu ba ya kama jakinsa ya tafi kamar da, sai ya zauna ya tambayi me ya haɗa su, wa ke cin zalin wa. Sau biyu kawai ya ƙara zuwa mini da rauni, duka ƙanana. A 1996 aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Malbaza. Ya kawo ni tasha da amalankensa, ya ƙi barin kowa ya taɓa kayana.

Bayan shekara biyu wani direba ya tsaya a ƙofar wurin aikina ya ce an aiko shi ya gaya mini Labo ya rasu. Na tambaye shi da sauri, “Wa ya buge shi?” Ya ce ba kowa, zazzaɓi ne na kwana shida.

Na je gaisuwa ran addu'ar bakwai. Dogo na zaune a ƙofar gida cikin maza, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Aka shigar da ni wurin Tsahara. Ta tsufa a cikin shekara biyun nan. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “Likita, ka san yadda mutuminka yat tahi?”

Na ce a'a.

Ta ce ranar da la'asar ya ji sauƙi, har ya sha kunu, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Tana zaune kusa da shi tana tsince wake. Sai bunsuransu biyu suka kama karo a bakin turke, ƙaho na ƙara. Ya yi ƙoƙarin tashi, ya kasa. Ya ce, “'Yar malam, tashi ki raba su.” Ta ce masa awaki ne, a bar su su gaji don kansu. Ya ce, “Ƙaramin za ya ji ciwo.”

“Sai nit tashi,” in ji ta. “Nij ja babban nik kai shi bayan rumbu niɗ ɗaure. Ina dawowa ina yi mai hwaɗa, ina cewa to ga shi nan na raba, hankalinka ya kwanta? Bai amsa ba.”

Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi 'yar dariya. Ta kira jikarta ta ce a kawo wa likita fura, kuma a sa nono da yawa, don mutanen Damagaram ba su iya shan ta da kauri ba. Na sha, na yi musu sallama, na kama motar yamma zuwa Malbaza.